Rumbun Gayya: Tarihin Ajiye Hanyoyin Hawan Dutse, Daga Madugu Zuwa Yanar Gizo

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostiraliya akwai jama'a masu ɗimbin yawa da suka ɗauki hawan dutse da hawan ƙanƙara a matsayin wasa, wasu ma da shi suke cin abinci. Mutum zai ɗaura igiya a ƙugu, ya kama bangon dutse da yatsu da kan ƙafa, ya haura mita 100 ko fiye, abokin tafiyarsa yana ƙasa riƙe da ɗaya bakin igiyar. Kafin ya bar gida kuwa, sai ya buɗe wani shafi a yanar gizo ya karanta abin da waɗanda suka riga shi suka rubuta, wato inda hanyar ta faro, da tsagar da za a bi, da wurin da dutse ya ruɓe, da inda za a ɗaure igiya a sauko. Babu wata hukuma da ta tsara waɗannan bayanai. Dubban mahaya ne kowa ya kawo ɗan abin da idonsa ya gani ya zuba, shi ya sa a wannan maƙala muka kira irin wannan ma'ajiya rumbun gayya.

Mai karatu a Yamai yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake jefawa cikin ruwan sha lokacin bazara. Sai dai tambayoyin da tarihin waɗannan rumbuna ya tayar tsofaffi ne a ƙasar ayari: wa ya san hanya, wa ya rubuta ta, da sunan wa aka rubuta, kuma makullin rumbun yana hannun wa? Za mu bi sawun waɗannan tambayoyi daga zangon fatake zuwa duwatsun Alp, sa'an nan mu dawo gida.

Sanin hanya kafin takarda

Fataken Hausa da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 18 da na 19 suna da tsarin shugabanci sananne. Madugu ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Jagaba yana gaba, shi ya san mashigin kowane kogi da nisan da ke tsakanin zango da zango. Uban dawaki kuma yana taimaka wa madugu wajen sha'anin kuɗin hanya da masauki. Ilmin da waɗannan mutane suka riƙe kullum cikin sabuntawa yake, domin duk inda ayari biyu suka haɗu a zango, mai dawowa zai shaida wa mai zuwa cewa rijiya kaza ta ƙafe, kogi kaza ya kawo, ko kuwa ƴan fashi sun tare wuri kaza. Matambayi ba ya ɓata, kuma amsar da ya samu gudummawar mutane da yawa ce waɗanda bai taɓa gani ba.

A arewa ma haka abin yake. Idan kaka ta yi, wajen watan Oktoba, ayarin gishiri na Abzinawa yakan keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar da ta kusa kilomita 600 daga Agadas, a kwana da yawa ba a ga rijiya ba. Shugaban wannan ayari su ma madugu suke ce masa, yana kuma karanta hanya ne daga taurari da inuwar rana da kwancin rairayi. A kan wannan turba akwai wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tilo wadda ta zama alama ga kowane ayari, har ta samu shiga taswirorin Turawa. Abin lura game da ita shi ne yadda aka yi gayya wajen kiyaye ta: ba a karya reshenta a dafa shayi, ba a kuma barin raƙuma su cinye ta, alhali babu ɗan doka a wurin. A shekarar 1973 wata babbar mota ta banke ta, aka ɗauko gangar jikinta a watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama.

Da Turawa masu yawon bincike suka iso, daga wannan rumbu na baka suka ɗiba. A 1824 Hugh Clapperton ya samu taswirar ƙasashen Sudan ta tsakiya a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Heinrich Barth ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya bi ayarin gishiri ya gangaro kudu, kuma ƙarshen kundayen tafiyarsa cike suke da jerin zanguna da kwanakin tafiya waɗanda ya ji daga bakin fatake da alhazai. Ya ambaci sunayen wasu daga cikinsu, amma taswirar da ta fito, da sunansa duniya ta san ta.

Daga baki zuwa littafi a duwatsun Alp

A Turai ma sanin dutse a hannun talakawan da ke zaune a gindinsa ya faro. Ranar 8 ga Agusta 1786 mutum biyu suka fara taka ƙololuwar Mont Blanc: Michel-Gabriel Paccard, likita ne, da Jacques Balmat, wanda sana'arsa farauta ce da neman duwatsu masu ƙyalli. Dukansu ƴan kwarin Chamonix ne. Da baƙi masu kuɗi suka yawaita, ƴan jagoran garin suka kafa ƙungiyarsu a 1821 domin tsara aiki da lada.

Juyin ya zo ne da kafa ƙungiyar Alpine Club a Landan a 1857, wadda ta fara buga mujallarta a 1863, sa'an nan Faransawa suka kafa tasu ƙungiyar a 1874. Daga nan wata al'ada ta kafu wadda har yau ita ke mulki: duk wanda ya fara bin wata hanya a jikin dutse, ya kuma rubuta bayaninta, shi ke da ikon raɗa mata suna da faɗin matakin wuyarta. A 1894 Walter Parry Haskett Smith ya fitar da littafin jagora a kan wuraren hawa na Ingila, irin waɗannan littattafai kuma suka yi ta yaɗuwa. Aka ƙirƙiro ma'aunin wuya, kowace ƙasa da nata. Na Faransa yana tafiya da lamba da harafi, kuma mafi tsanani da aka taɓa ba wata hanya shi ne 9c, wanda Adam Ondra ya fara ba wata hanya da ya hau a Norway a 2017.

Sai dai littafi yana da aibi guda, wato daga ranar da aka buga shi yake fara tsufa. Dutse yakan zube, ƙusar ƙarfen da aka kafa takan yi tsatsa, mai gona yakan rufe hanyar da ake bi zuwa gindin dutsen. Saboda haka mahaya suka riƙa ajiye babban littafin rubutu a ɗakunan kwana na kan tsauni da gidajen shan shayi, kowa ya sauko ya rubuta sabuwar hanyar da ya buɗe ko gyaran kuskuren da ya gani. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne na gidan abincin Pete's Eats a garin Llanberis na yankin Wales. Aikin da hirar zango ta yi wa fatake, shi wannan littafi ya yi wa mahaya.

Wa ya fara hawa?

Mahayan Turai sun juyo Sahara tun zamanin mulkin mallaka. A 1935 Roger Frison-Roche, ɗan jagora daga Chamonix, ya hau Garet el Djenoun a duwatsun Hoggar na Aljeriya tare da Kaftin Raymond Coche, dutsen da ma'anar sunansa ita ce dutsen aljanu. Daga baya hankali ya koma Hombori ta ƙasar Mali, a kan hanyar Gao, inda wasu duwatsu biyar suka miƙe kamar yatsun hannu, waɗanda baƙi ke kira Hannun Fatima. Mafi tsawonsu, Kaga Tondo, bangonsa ya kai wajen mita 600. Wani mutumin Sifaniya mai suna Salvador Campillo ya zauna a wurin shekaru da yawa yana buɗe hanyoyi yana zana su, a ƙarshen shekarun 1990 kuma Ba'amurke Todd Skinner da abokansa suka buɗe wata hanya mai tsananin wuya suka sa mata suna Harmattan Rodeo. A 1987 aka yi wa Bafaranshiya Catherine Destivelle fim tana hawan gaɓar Bandiagara ba igiya.

Babu mai musun bajintar waɗannan mutane. Amma a jikin wannan gaɓa ta Bandiagara akwai kogunan dutse can sama inda mutanen Tellem suka gina rumbuna suka kuma binne matattunsu tsakanin ƙarni na 11 da na 16, su ma da igiya suka kai can. A dutsen Hombori Tondo, wanda ya fi kowane tsawo a Mali da mita 1,155, an samu alamun zaman ɗan Adam na kimanin shekara 2,000. A tsaunin Bagzan na Abzin, inda ƙololuwar Idukal-n-Taghes ta kai mita 2,022, akwai ƙauyuka da garake a saman tsaunin, mata da yara suna hawa da sauka da jakuna ta hanyoyin da kakanninsu suka fitar. A ƙasar Hausa kuwa tarihin Kano daga kan Dala ya faro, Zariya tana da Kufena, Kwatarkwashi tana da tsohuwar al'adar hawa dutse kamun maiki. Ashe ke nan abin da littattafai ke kira hawan farko, sau da yawa hawan da aka fara rubutawa ne. Ko a inda baƙon ne da gaske ya fara kama bangon, wanda ya nuna masa rijiya, ya ɗauki kayansa, ya kai shi gindin dutsen, ɗan gari ne, kuma da wuya a ga sunansa a takarda.

Rubutun ma ba kullum yake daidai ba. An daɗe littattafai da taswirori suna cewa Gereɓun, wanda Faransawa ke rubutawa Gréboun, shi ne dutse mafi tsawo a Nijar, kowa yana kwafa daga na gabansa, alhali tsawonsa mita 1,944 ne, bai kai na Bagzan ba.

Haihuwar rumbunan yanar gizo

Da intanet ta yaɗu, littafin gidan shayi ya koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. A 1997 wasu ƴan Suwizalan suka buɗe wani shafi inda masu sulun ƙanƙara a tsaunuka ke ba juna labarin tafiyarsu, shi ne ya girma ya zama camptocamp.org, wanda a yau wata ƙungiya mai zaman kanta ke gudanarwa, kuma shi ne babban rumbun masu jin Faransanci. A 1999 aka kafa theCrag a Ostiraliya, wanda hanyoyin da ke cikinsa suka zarce miliyan guda, da kuma 8a.nu a Suwidin, inda mahaya ke rubuta abin da suka hau. A 2005 Nick Wilder da Andy Laakmann suka kafa Mountain Project a Amurka.

Tsarin aikinsu kusan iri ɗaya ne. An jera duniya daga ƙasa zuwa yanki, daga yanki zuwa dutse, daga dutse zuwa hanya. Wanda ya san hanya zai rubuta sunanta da tsawonta da kayan da ake bukata, ya ɗora hoto ya ja layi a kai. Waɗanda suka bi ta bayansa za su ƙara nasu, kowa ya faɗi matakin wuyar da ya ji, na'ura ta fitar da matsakaici. Akwai kuma masu sa-kai da ke duba kowane yanki suna tace ƙarya da kuskure. Ta haka ikon faɗin wuyar hanya ya bar hannun mutum guda ya koma hannun jama'a, gyaran da a da sai an jira sabon bugu kuma ya zama aikin dare ɗaya.

A sha'anin ƙanƙara ne amfanin wannan tsari ya fi fitowa fili. Dutse yana nan inda aka bar shi, amma ruwan da ya daskare a jikin gaɓa yau akwai gobe babu. Mai hawansa, da ƴan gatura biyu a hannu da takalma masu haƙoran ƙarfe, ransa ya rataya ne a kan sanin ko ƙanƙarar ta yi kauri a wannan mako, labarin da sai wanda ya je jiya ne zai iya ba shi. Daɗin daɗawa, waɗannan rahotanni masu kwanan wata sun taru sun zama shaidar sauyin yanayi. A Afirka ma muna da misali. A Dutsen Kenya akwai wata hanyar ƙanƙara mai suna Diamond Couloir wadda Phil Snyder da ɗan ƙasar, Thumbi Mathenge, suka fara hawa a 1973, ta yi suna a duniya, amma yanzu da wuya ƙanƙarar ta haɗu yadda za a hau ta kamar da. Kilimanjaro kuwa ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙararsa tsakanin 1912 da farkon wannan ƙarni.

Makullin rumbu

Dattawanmu ba su manta da rumbunan tsimi na zamanin Faransawa ba, inda aka tilasta wa magidanta zuba hatsi, amma buɗe rumbun sai da izinin hukuma. Mahayan Amurka da son ransu suka zuba nasu hatsin, duk da haka sun wayi gari makullin yana hannun wani. A 2015 kamfanin sayar da kayan yawon daji na REI ya saye Mountain Project, a watan Disamba na 2020 kuma ya koma hannun kamfanin taswira na onX. A 2021 wani ƙaramin shiri mai suna OpenBeta ya kwafi bayanan hanyoyin domin kowa ya yi bincike da su, sai onX ya aika da takardar doka cewa a sauke su. Ƙura ta tashi, domin waɗanda suka kwana suna rubuta bayanan ba a biya su ko sisi ba. OpenBeta ya ci gaba da gina nasa rumbun a kan ƙa'idar cewa kowa na iya ɗiba. Shi camptocamp tun da wuri ya ɗora bayanan da aka rubuta tare a kan lasisin Creative Commons, wanda ya halatta wa kowa kwafa muddin ya ambaci masu aikin, ya kuma bar wa na baya irin wannan dama. Darasin shi ne cewa tun ranar da aka kafa rumbu ake yanke wanda zai mallake shi, a cikin ƙananan rubutun da mutane ba su cika karantawa ba.

Rigima ta biyu a kan suna ce. Da yake mai buɗe hanya ke raɗa suna, an tara sunaye na batsa da na cin mutuncin baƙaƙen fata da mata da ƴan asalin ƙasa. A 2020, bayan matsin lamba, Mountain Project ya fara ɓoye irin waɗannan sunaye. Ta uku kuma a kan abin da bai kamata a bayyana ba ce. A 2021 aka gano cewa wani mahayi ya kafa ƙusoshi a kan tsofaffin zane-zanen dutse na ƴan asalin Amurka kusa da Moab a jihar Utah, ya kuma sanya hanyoyin a rumbun. Aka cire ƙusoshin, aka goge bayanin, amma ramukan suna nan a jikin dutsen.

Ina Nijar a ciki?

Wanda ya duba waɗannan rumbuna zai tarar da shafuka masu yawa a kan Todra da Taghia na Maroko, da Rocklands ta Afirka ta Kudu, wuraren da ƙauyuka ke samun abin masarufi daga saukar mahaya. Abin da aka rubuta a kan Nijar kuwa kaɗan ne ƙwarai. Dalilin a fili yake. A shekarun 1980 Agadas ta cika da baƙi, kamfanonin jagora irin na Mano Dayak suna kai su Abzin da Tenere, yankin da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1991. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010, suka tsinke wannan harka daidai lokacin da rumbunan yanar gizo ke cika. Hombori ma ta rufu bayan sace Faransawa biyu a can a watan Nuwamba na 2011. Ƴan jagoran da suka san kowane kwazazzabo na Bagzan da Tamgak suna tsufa, wasu sun koma haƙar zinariya ko tuƙin mota, abin da ke kansu kuma ba a rubuce yake ba.

Sanin hanya a ƙasarmu ya wuce sha'anin wasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, akasarinsu mata da yara, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Na'urar GPS tana nuna wa direba inda yake, amma ba ta gaya masa ko rijiyar da ke gabansa tana da ruwa a bana. Wannan labari sai daga bakin wanda ya wuce ta wurin.

Duk da haka ba daga babu za a fara ba. A 2004 Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Ingila, taswirar duniya da kowa ke iya gyarawa, matasan Nijar masu sa-kai kuma sun rungume ta a shekarun 2010, suka zana tituna da unguwannin Yamai har da wuraren da ruwa ke ci idan kogin Isa ya cika. Ambaliyar 2020 da ta fasa madatsar Lamorde ta mamaye unguwannin Harobanda ta nuna darajar irin wannan aiki. Kazalika a nan Yamai cibiyar tattara adabin baka take tun 1968, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO. Ɗaya ɓangaren ya iya na'ura, ɗayan ya iya zama gaban dattijo da rakoda.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa ilmin hanya kullum aikin gayya ne, tun daga hirar zango zuwa littafin gidan shayi zuwa shafin yanar gizo, kuma a kowane mataki wanda ya riƙe alƙalami shi ya tafi da suna. Ranar da zaman lafiya ya dawo arewa, mahaya za su dawo da igiyoyinsu, kuma za su rubuta duwatsun Abzin ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Abin da ya rage gare mu shi ne su tarar da rumbun an riga an kafa shi: kowane dutse da kowace mashiga da sunansu na Tamashek ko Hausa ko Tubanci, kowane bayani ɗauke da sunan madugu ko ɗan jagoran da ya bayar da shi, a kan lasisin da ba zai bari wani kamfani ya kulle shi ba. Wajibi ne kuma mazauna wurin su ne za su yanke abin da za a bayyana da abin da za a rufe, domin zanen raƙuman dawa na Dabus, wanda babbansu ya haura mita 5, da maƙabartu da wasu rijiyoyi ba abin da za a miƙa wa kowane mai wayar hannu ba ne. Jami'ar Abdou Moumouni da ta Agadas da ƙungiyoyin ƴan jagora suna da mutanen da za su iya wannan aiki, dattawan da za a tambaya kuwa ƙaruwa ba sa yi.